Jan Ƙyallen Baba Labaran

"Faɗa mini abin da kike gani, Hauwa. Kada ki rage komai."

Baba Labaran ne ke magana. Yana zaune a kujerar da maigidana, Tijjani, da wani maƙwabci suka ɗauko shi a kanta tun daga ɗakinsa har tsakar gidan Bala. Sun ajiye shi daidai inda tabarmar maza ta ƙare ta mata ta fara, don a samu mai zame masa ido. Nasa idanun yanar ido ta rufe su tun bara, ƙafafunsa kuma sun kumbura sun daina ɗaukarsa. Ni aka zaɓa, saboda kowa a layinmu ya san bakina ba ya gajiya.

Talabijin ɗin Bala ita ce ta farko a layinmu na Panshekara. Baƙi da fari ce, an kafa mata eriya a kan doguwar gora, ƙaramin janareta yana ta gunji a bayan ɗaki domin wuta ba ta iso mana ba tukuna. Da magariba ta wuce sai layi ya kwashe ya koma gidan Bala. A daminar nan ta shekarar da aka yi ta zaɓe, babu zancen da ya kai na Sikailab, wani ƙaton kumbon Amurka da aka ce ya gaji da zagaya duniya, zai faɗo, ba a kuma san a kan wa ba. Shi ya sa gidan talabijin ya tono tsohon hoton ranar da mutum ya fara taka wata, aka yi shela za a nuna. Da Baba Labaran ya ji, wanda bai taɓa leƙa gidan kallon ba, sai ya ce ko a makara ne a kai shi.

"Wani mutum ne, Baba," na ce, "cikin fararen kaya masu kauri, kansa a cikin wata tukunya. Yana saukowa daga tsani."

"Da sauri?"

"A'a, a hankali, kamar mai tsohon ciki."

Matan da ke bayana suka tuntsire. Shi ko gezau.

"Ƙasar fa, yaya take?"

"Kamar toka. Babu ciyawa, babu ko tsinke. Ga shi ya diro, yana tsalle-tsalle."

"Yana magana?"

"Ba a ganin bakinsa. Amma akwai wata murya can ƙasa-ƙasa, ina jin tasa ce."

Sai ya karkato kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne. Muryar tana nan, siririya, amma janareta ya danne ta, yara suna ihu suna kwaikwayon tsallen, can kuma mai gabatarwa ya hau kanta da bayani. Na ga jijiyar wuyan tsohon ta miƙe.

"Bala," ya ce, "kashe injin nan."

"Baba, in na kashe injin ai talabijin ɗin ma ta mutu," in ji Bala.

Aka yi dariya har da masu buga cinya. Baba Labaran ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa, ya ce a mayar da shi gida. Ni na bar dariyar, don na ga ba tsufa ne ya sa shi faɗin haka ba. Akwai wani abu, ni kuma in ban san abu ba barci ba ya mini daɗi.

Washegari da hantsi na dama kunun tsamiya na kai masa. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da rumfar injin markaɗena, kuma tun da muka tare a layin injin nan ke girgiza masa bango daga safe zuwa yamma, bai taɓa aiko mini da ƙorafi ba. Matarsa, Inna Hajjo, ta shimfiɗa mini buzu a bakin ƙofa. Su biyu ne kawai a gidan. 'Ya'yansu ba su rayu ba, danginsa kuma suna can wajen Damagaram, an daɗe da daina jin ɗuriyarsu.

"Baba, me kuke so ku ji jiya?" na tambaye shi kai tsaye.

"Ke dai ba kya iya ganin tukunya a rufe," ya ce. Ya kurɓi kunun sau ɗaya ya miƙa wa Inna kofin. "Kin san ni mai gadin kamfanin fata ne a Challawa. Kafin nan fa, kin san aikina?"

Na ce ban sani ba.

"Tsayar da motoci."

Ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. A shekarun farko bayan an samu 'yancin kai, in ji shi, Amurkawa sun kafa wata tasha can bayan garin Kano, da ɗakuna masu sanyi da wasu manyan ƙarafa a tsaye masu kama da ƙashin kifi, suna juyawa suna bin sama. A lokacin ne suka fara harba mutum cikin kumbo yana zagaya duniya. Duk sa'ad da ya biyo ta saman Kano sai ya yi magana, mutanen tashar su amsa masa. An ce da shi injin mota yana sa na'urarsu ƙara, don haka aka ba shi jan ƙyalle a jikin sanda aka tsayar da shi a kan hanyar da ta bi ta gefen tashar. In aka buga ƙararrawa sai ya ɗaga ƙyallen, duk motar da ta zo ta tsaya, direba ya kashe inji. In aka sake bugawa ya sauke, kowa ya kama gabansa.

"Suna yarda su tsaya?"

"Da zagi dai. Akwai wanda ya ce mini in gaya wa na saman ya sauko ya tura masa mota in ta ƙi tashi. Wani mai jaki kuma ya tambaye ni ko shi ma ya kashe jakin." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni kuwa ina tsaye, ido ɗaya a kan direbobi, ido ɗaya a sama. Ban taɓa ganin komai ba sai shaho."

"To me yake cewa, na saman?"

"Abin da nake tambaya ke nan har yau. Ko sau ɗaya ban shiga ɗakin nan ba. Na tambayi kukun tashar, ya ce shi ma daga bakin ƙofa yake ajiye shayi. Ni nake tare musu shirun, Hauwa, su suke sha. Ina so in ji yadda muryar mutum take in ba ya kan ƙasa. Yana jin tsoro? Yana tambayar mutanen gida? Da ya leƙo, me ya gani a Kano?"

Ni kaina sai na ji tambayoyin sun kama ni. Shekara da shekaru ina gaishe da tsohon nan ta kan katanga, ban san yana ɗauke da wannan ba.

Ya ce daga baya aka rufe tashar, aka kwashe na'urori, aka bar masa ƙyallen ya tafi da shi. Sai ya juyo da fararen idanunsa wajena.

"Wannan da zai faɗo, kin san dalili? Ya biyo ta nan ya yi ta kira, babu mai amsawa. Ko da akwai mai saurare, ina zai ji? Ki saurari garin nan. Injinki, injin Bala, mai walda, tifofin yashi, kamfanoni. Tun da na sauke ƙyallen nan ba a sake yi wa na sama shiru ba."

Na yi ta juya zancen a raina. Rediyo ta faɗa ba sau ɗaya ba cewa babu kowa a cikin Sikailab, waɗanda suka zauna a ciki sun sauko tun shekarun baya. Na ga bai kamata in ɓoye masa ba.

"Baba, an ce fa wayam yake, babu mutum a ciki."

"Na ji. Kunnena lafiyarsa lau. Amma wa zai fito ya gaya wa duniya ya bar ɗan mutane a sama? In babu kowa, me muka rasa? In kuma akwai fa?"



Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba a wurinsa. Rediyo ta ce ranar Laraba ne, kuma zagayen ƙarshe zai kama bayan la'asar. Yana so a kashe duk wani inji a layinmu na ɗan lokaci, a tsayar da motocin babban titi, a ɗora masa rediyonsa a ƙirji. Ko zai ji, ko ba zai ji ba, a dai gwada. Inna Hajjo ta biyo ni zaure da zan fita, ta riƙe mini hannu.

"Tun shekaranjiya ba abin da ya shiga cikinsa sai kurɓin nan da kika gani," ta ce. "Ni na san inda aka dosa. In da hali, 'yar nan, a yi masa."

Nawa injin ba matsala ba ne, hannuna ne. Mai walda ya ce in dai ba za a wuce rabin sa'a ba ya yarda. Bala ne ƙashin wuya. Na same shi yana goge gilashin talabijin da tsumma, yadda uwa ke goge fuskar jaririnta.

"Laraba?" ya ce. "Yaya Hauwa, ranar wasan kwaikwayo ce fa. Gidan talabijin na buɗewa ake fara shi, mutane tun daga Kumbotso suke takowa. In ce musu me? Ku koma gida, Baba Labaran zai yi waya da sama?"

"Ɗan lokaci ne, Bala."

"Ɗan lokacin nan shi ne wasan. Kuma don Allah ku daina biye masa. Tsoho ne, ciwo ya taɓa shi. Babu kowa a cikin abin nan, ke ma kin sani."

"Na sani. Shi ma ya ji. Ba saninka yake nema ba, shirunka yake nema."

Ya ci gaba da goge gilashinsa. Na fito raina a ɓace, ina ayyana yadda zan zuba masa gishiri a tankin janareta, Allah dai ya kiyaye ban yi ba.

Abin da ya gyara lamarin ba dabarata ba ce. Ranar Talata mata sun cika rumfata da bokitan wake da gero, sai na sanar da su gobe bayan la'asar babu markaɗe, kowa ta kawo nata da wuri. Suka tambayi dalili. Na ce Baba Labaran ne ya ce a kashe injina, shi da ya yi aiki da masu kumbon tun ba a haifi wasunmu ba. Jummai mai ƙosai ta dafe ƙirji.

"Wato ƙarfe ke jan ƙarfe," ta ce. "Duk inda ya ji inji na aiki nan zai nufa. Shi ya sa."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna fuskar Bala, na mayar da bakina na rufe. Kafin isha'i zancen ya gama Panshekara, ya tsallaka tashar mota, ya kai bakin kogi inda ake lodin yashi. Har ƙari aka yi masa: an ce wani tsohon ma'aikacin Amurkawa ya samu saƙo a asirce. Da gari ya waye, Hajiya, mahaifiyar Bala, ta sa aka ɗauke janaretan aka kai uwar ɗakinta, ta lulluɓe shi da bargo, ta shimfiɗa tabarma ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Bala ya yi bayani, ya yi rantsuwa, ya kawo rediyo ta ji da kunnenta. Ta ce ta ji, amma ba a gidanta ƙarfen Nasara zai sauka ba.

Ranar Laraba aka tashi da hadari a gabas wanda ya ƙi zuba ya ƙi watsewa. Maigidana yana aikin safe a kamfanin fata a makon, ya dawo bayan azahar da warin jima a jikinsa, ya watsa ruwa muka shiga wurin Baba tare. Tsohon ya ƙara zabgewa cikin kwana biyun nan, amma hankalinsa garau. Inna Hajjo ta buɗe adaka ta zaro ƙyallen daga ƙasan zannuwanta. Na ɗauka zan ga wani abin mamaki. Ɗan yanki ne da bai fi ɗankwali ba, jan ya koɗe ya koma kalar goron da aka tauna, gefe ɗaya asu ya ci. Sandar kuwa ita ce wadda Baba ya daɗe yana dogarawa, ban taɓa lura da ƙananan ƙusoshi biyu da ke kanta ba.

"Tijjani," in ji Baba, "zo in gaya maka yadda ake yi."

Maigidana ya durƙusa. Mutum ne da ko akuya ce ta shigo mana gida sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta, shi ne yau za a tura ya tare tifa.

"Kada ka kaɗa shi, ba biki ake ba. Ka ɗaga shi sama kawai, ka tsaya a tsakiyar titi, ka kalli direba cikin ido. Zai zage ka. Kada ka rama, kada kuma ka yi murmushi. Ka nuna masa makulli da hannu, haka. In hannu ya gaji ka canza, amma kada ƙyallen ya sauka."

"Sai yaushe zan sauke, Baba?"

"Da ƙararrawa ake bugawa. Yau babu ƙararrawa, ni zan faɗa. Hauwa za ta fito ta yi maka alama."

"To, Allah ya ba mu sa'a."

"Amin. Ka tsaya da kyau, ɗana. Ba ƙaramin aiki ba ne."

Da aka idar da la'asar maigidana ya ɗauki sandar ya nufi bakin titi. Maza kaɗan ne a layin, yawancinsu suna aikin yamma a masaƙa da kamfanonin fata. Ni na zauna a gefen gadon Baba, Inna Hajjo tana wajen kansa da mafici. Na ɗora masa rediyon a ƙirji, wata tsohuwa mai rigar fata da ya ɗaure murfin batirinta da roba. Ya laluba ya murɗa ta da kansa, ya wuce Kaduna, ya wuce masu waƙa, ya wuce wani mai wa'azi, har ya kai wurin da babu tasha, sai shuu kawai. Nan ya tsaya.

Daga nan muka fara jin garin yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Injina dama tun azahar yake kwance. Mai walda ya kashe nasa, ƙarar nan da ke shiga haƙori ta ɗauke. Wani babur ya taho ta bayan layi, aka daka masa tsawa, ya yi tari ya mutu. Sai titi. Muka ji birki mai tsawo, muka ji hon, muka ji wata murya tana zazzaga masifa, ba a jin kalmomin amma an san ba addu'a ba ce.

"Ya fara shan zagi," in ji Baba, bakinsa ya ɗan motsa. "Tifa ce. Bari mu gani."

Injin tifar ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa, har na fara cewa a raina maigidana ya ba da hanya. Sai ya yi wata girgiza ya tsaya. Ta biyu ba ta yi gardama ba. Ta uku ma haka. Can nesa wata ta rage gudu tun kafin ta iso, na san labarin Jummai ya riga ta zuwa.

Ban taɓa sanin layinmu yana da wasu sautuka a ƙarƙashin waɗanda muka saba da su ba. Na ji kwaɗi daga kududdufin bayan makaranta. Na ji kurciya a kan darbejiyar masallaci, da kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda rana ta sauka daga kansa. Can ƙasa da komai akwai wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa, na kamfanonin Challawa, wanda na shekara ina kwana ina tashi a cikinsa ban taɓa jin sa ba sai ranar.

"Baba, kamfanoni fa? Ba su tsaya ba."

"Sun yi nisa. Ba sa hanawa. Yi shiru."

Na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba. Rediyon tana ta shuu, jefi-jefi ta yi ƙarar tsagewa in walƙiya ta gifta a cikin hadarin gabas. Ƙirjinsa yana ɗaga ta yana sauke ta. Na tsinci kaina ina kallon rufin ɗakin, kamar zan hango wani abu ta cikin kwano. Na san babu kowa a can. Duk da haka na karkatar da kunne kamar yadda ya yi a gidan Bala.

Sai wata murya ta taso daga cikin shuu ɗin. Ta namiji ce, siririya, daga nesa ƙwarai, tana zuwa tana komawa kamar ana kaɗa ta da iska. Ta yi 'yan kalmomi cikin wani yaren da ba Turanci ba, ba Larabci ba, ba kuma wanda na taɓa ji a kasuwar Sabon Gari ba. Ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, ta sake cewa wani abu, sannan ta nutse.

Wataƙila wata tasha ce ta wata ƙasa da iskar damina ta kwaso. Har gobe ban sani ba, kuma na bar tambaya.

Yatsun Baba suka damƙe rigar rediyon.

"Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Hajjo, kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Me ya ce?"

"Ban san yarensa ba," na ce.

"Ni ma." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Amma ba ya jin tsoro. Kin lura? A natse yake."

"A natse yake."

Na zaci zai ce in fita in yi alama, har na gyara mayafina. Sai ya ce, ba da ni ba, ba kuma da Inna ba, "Ashe haka take daga ciki. Kullum ina waje da sanda. Ban san haka take da daɗi ba."

Inna Hajjo ta ajiye maficin. Ta riga ni ganin abin da ke faruwa. Ta sunkuya daidai kunnensa tana karanta kalmar shahada a hankali, leɓɓansa suka bi ta har ƙarshe. Rediyon ta ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa kaɗan. Daga nan ba ta ƙara motsi ba, sai shuu ɗinta kawai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna Hajjo. Ta shafa masa idanu, ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ni ce na yi, na toshe bakina da mayafi don kada in ɓata masa shirunsa.

Sai da Inna ta taɓa ni na tuna da mutanen waje.

"Je ki sallame su, 'yar nan. Bai samu ya faɗa ba."

Na fito. Layinmu cike yake da mutane, kowa a ƙofar gidansa, babu mai magana. Wasu sun kifa kwano a ka, Jummai har da tukunyar ƙarfe. Bala yana zaune a dakalinsa da 'yan kallonsa na Kumbotso, duk sun ɗaga kai sama. Da ya ga fuskata sai ya miƙe, ya cire hularsa ya sake mayarwa, bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

Na taka har bakin titi. Tifofi sun yi layi ta kowane ɓangare, da motar fatu guda, da bas ɗin ma'aikata, da babura. A tsakiyarsu maigidana yana tsaye, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya tallafe gwiwar hannun dama da na hagu, ƙyallen yana sama. Ya kalle ni yana jiran alama. Ba mu shirya wace iri ba ce. Na rasa yadda zan yi, sai kawai na ɗora hannu biyu a ka.

Ya gane. Ya sauke sandar a hankali har ƙyallen ya taɓa kwalta.

Direban tifar farko, wani ƙaton mutum mai tawul a wuya, wanda na tabbata shi ne mai zagin, ya leƙo ta taga.

"Malam, ya faɗo ne? A ina?"

"A'a," in ji maigidana. "Mai ƙyallen ne Allah ya yi wa rasuwa. Yanzun nan."

"Wane ne shi?"

"Maƙwabcinmu ne. Tsoho ne, ba shi da kowa sai matarsa."

Direban ya kai hannu wajen makulli, ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi hadarin, ya dubi layinmu da babu maza sai tsiraru. Sai ya buɗe ƙofa ya diro.

"An haƙa kabari?"

"Yanzu dai za mu nemi masu haƙa."

Ya juya ya yi wa yaran motarsa magana, suka sauko da shebur da diga. Na bayansa suka ga haka, su ma suka fara saukowa, ana tambayar ina maƙabarta, ina za a samu ruwan alwala. Bala ya ruga gida ya kwaso butoci, ya fito da tabarmin gidan kallonsa duka ya shimfiɗa a ƙofar gidan Baba. Daga baya muka ji a rediyo cewa Sikailab ya tarwatse can wata uwa duniya, wani ɓangarensa ya faɗa teku, wani a dajin Ostireliya, bai taɓa ko kaza ba. Jummai har yau tana cewa kashe injinan da muka yi ne ya kore shi.

Kafin magariba aka sallace shi. Ta kan katanga na leƙa na ga sahu har ya toshe layi, yawancinsu mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ƙafafunsu fari fat da yashin kogi. Aka ɗauke shi aka nufi maƙabarta a ƙafa.

Da layi ya yi tsit na sake fita bakin titi, don maigidana ya ce ya manta sandar a can. Motocin suna nan yadda aka bar su, ƙofofi a buɗe, ruwa yana ɗiga daga yashin da ke bayansu. Wata kaza ta shige ƙarƙashin tifar farko da 'ya'yanta ta kwanta. Wani ya soke sandar a cikin yashin motar, a tsaye, ƙyallen yana rataye ba ya ko motsi. Na miƙa hannu zan zare ta, sai na fasa. Na tsaya a gefen titi ina jira su dawo, yayyafi ya fara sauka a kan kwalta.